Tara log ɗin rassanmu a saba ɗaya: yadda aikin ke tafiya

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau na fara aikin da na daɗe ina yi wa Alhaji naci a kai. Sarin kayan masarufi muke yi, ofis yana kan Ahmadu Bello Way a Kaduna, sai rassa uku, Kawo, Sabon Tasha da kuma na Zariya. Kowane reshe da kwamfutarsa mai Ubuntu 24.04, a kanta manhajar ciniki take, da Laravel aka rubuta ta, wani tsarin gina manhaja, tana buga rasit ko babu sabis, in sabis ya dawo sai ta turo cinikin ofis. Duk abin da ya same ta, kuskure ne ko gargaɗi, a wani fayil da ake ce wa log take rubutawa can cikin storage/logs, kuma nan zai yi ta zama har sai wani ya je ya buɗe. Wanin nan kuwa ni ne. In Zariya suka bugo suka ce "Injiniya abin fa ya ƙi", ko dai in sa yaron shago ya ɗauko min hoton sikirin ta WhatsApp ya turo rabin rubutu a karkace, ko in kama hanya.

Abin da ya sa Alhaji ya yarda yanzu shi ne rasit da ke fitowa sau biyu a lissafin ofis, kaya su nuna sun ƙare alhali ga su jibge a sito. Hajiya mai kula da asusu har ta fara zargin yara. Ni dai raina bai ba ni sata ba ce, amma hujjar tana warwatse a kwamfuta huɗu, babu yadda za a jera su gefe da gefe a ga me ya faru a minti kaza. To aikin kenan, kowane reshe ya riƙa turo log ɗinsa wuri ɗaya.

Laraba, 8 ga Janairu

Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur a ofis mai ram gig 8, ita za ta zama sabar. Abokaina a wani gurup duk Elasticsearch da Kibana suke ta ce min, wani ya ce Graylog, manhajojin tara log da bincikensa kenan. Na duba, Elasticsearch a kan Java yake gudu kuma cin ram ɗinsa ba na wasa ba ne, Graylog kuma sai ka haɗa masa da MongoDB da OpenSearch kafin ya motsa. Wannan tsohuwar ba za ta ɗauka ba, inbatar ofis ma ba za ta gode min ba.

Da rsyslog zan fara, manhajar da ke karɓar log ta ajiye ko ta tura wata kwamfuta, tunda yana nan a kan kwamfutocin tun farko ban girka komai ba. Tsarin syslog ɗin kansa tsoho ne, Eric Allman ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980 saboda Sendmail, shi kuma rsyslog wani Bajamushe Rainer Gerhards ya fara shi a 2004. Abin da ya kai wannan shekarun yana aiki a kan injina marasa ƙarfi, shi ya dace da mu. Maganar allon kallo mai kyau sai daga baya, log ɗin ya fara isowa tukuna.

Na sayo SSD mai gig 500, naira dubu 48.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na bushe ƙurar hunturu daga cikinta, na sa SSD, na girka Ubuntu Server. Shikenan na yau.

Litinin, 13 ga Janairu

Cikas na farko, rassa ba sa ganin ofis kai tsaye. Duk da rautar sim muke aiki, kuma kamfanonin waya adireshin IP ɗaya suke raba wa jama'a da yawa, abin da ake ce wa CGNAT, saboda haka ko ka buɗe ƙofa a rautarka babu mai iya shigowa daga waje. Cinikin da rassa ke turowa ta wata hanya daban yake bi, ban so in ɗora log a kanta, don in ta lalace ina son in ga lalacewar ne ba wai log ɗin ya mutu tare da ita ba.

Na kama ƙaramin VPS, wato sabar haya a intanet, na wajen dala 6 a wata na ɗora WireGuard, manhajar da ke haƙa ramin sirri tsakanin kwamfutoci, kowa ya buga can su haɗu, ƙofar 51820. Hanya ce kawai, ba ya ajiye komai. Da farko in an ɗan jima ba a aika komai ba sai ramin ya yi shiru ofis ya daina amsawa, ashe rautar ce ke mantawa da haɗin, na sa PersistentKeepalive a 25 ya daidaita. Wahalar gaske ita ce biyan dalar, sai da wani ɗan'uwa ya biya da katinsa na ba shi naira.

Laraba, 15 ga Janairu

Saƙo na farko ya iso daga Kawo. Na buga umarnin aika saƙon log, logger "gwaji daga kawo", a can, na gan shi a ofis. A tsohon salon rubuta saitin rsyslog, alamar @ ɗaya kafin adireshi na nufin UDP, biyu kuma TCP, hanyoyi biyu kenan na aika saƙo tsakanin kwamfutoci, ƙofa 514. Na fara da UDP don in ga ƙarfinsa: na sa kwamfuta ta jero layuka dubu masu lamba, ana cikin tafiya na ce wa yaron Kawo ya zare wayar rauta ya ƙirga goma ya mayar. Duk abin da aka aika a tsakanin nan ya tafi kenan, kuma babu ko ƙorafi daga ɓangaren mai aikawa. UDP kamar ka je tashar Kawo ne ka miƙa wa direban Zariya saƙo, ba ka karɓi lambarsa ba, wanda ka aika wa ma bai san da zuwansa ba.

TCP ya fi, amma shi ma ya zubar da 'yan layuka daidai lokacin da aka yanke, saboda da zarar rsyslog ya miƙa wa tsarin kwamfuta layi yana ɗauka ya isa ne, alhali yana nan a hanya. Ga wanda ke cikin ɗakin saba mai kebul wannan ba komai ba ne. Mu kuwa lokacin da sabis ke yankewa shi ne daidai lokacin da manhaja ke yin shirme, wato layukan da na fi buƙata su ne ke ɓata. Dole a nemi wata hanya.

Asabar, 18 ga Janairu

Wunin yau ya tafi a kan abu ɗaya. Na saita imfile, ɓangaren rsyslog da ke bin fayil yana karanta duk sabon layi, na nuna masa fayilolin Laravel. rsyslogd -N1 ya ce saiti lafiya. logger na isa. Amma daga manhajar ko layi ɗaya.

Na fara da izini, tunda a Ubuntu rsyslog a matsayin mai amfani syslog yake gudu, fayilolin kuma na www-data ne. Na sa shi a rukuninsu, na gwada karanta fayil ɗin da sunansa ya karantu, amma shiru. Sai bayan la'asar na leƙa dmesg, saƙonnin tsarin kwamfutar, na ga layukan DENIED a jere. AppArmor ne, mai gadin da ke iyakance fayilolin da manhaja za ta taɓa, a wannan fitowar ta Ubuntu an kunna masa tsaro a kan rsyslog, ba ya barinsa ya taɓa fayil a wajen wuraren da aka lissafa masa irin su /var/log. Na ƙara ɗan fayil a /etc/apparmor.d/rsyslog.d/ mai ba shi damar karanta babban fayil ɗin manhajar kaɗai, na sake tayar da shi, sai ga layuka suna zubowa. Wani a gurup ya ce in kashe AppArmor ɗin gaba ɗaya in huta, ban yi ba, layi biyu ne fa gyaran.

Talata, 21 ga Janairu

Yanzu kuma yawa ne ya dame ni. Kuskure ɗaya na Laravel yana zuwa da jela, layin farko mai kwanan wata sai layuka hamsin ko fiye masu farawa da #0, #1, #2, shi kuwa imfile kowane layi saƙo ne a wurinsa. In Kawo da Sabon Tasha suka yi kuskure lokaci guda sai jelar ta cakuɗe. Akwai startmsg.regex da za ka ce masa sabon saƙo daga kwanan wata yake farawa, ya yi aiki, sai dai yana riƙe saƙon ƙarshe har wani ya zo, don bai san ya ƙare ba, sai ka sa readTimeout. Sannan masu tsawo suna zuwa a guntule saboda iyakar rsyslog ta asali wajen 8k ce.

Daga ƙarshe na ga gara a gyara daga tushe. Laravel da Monolog yake rubuta log, Monolog kuma yana da JsonFormatter, kowane abu layi ɗaya komai tsawonsa. Na canza a config/logging.php, na ɗaga maxMessageSize zuwa 64k a can saman saiti, a reshe da kuma ofis, don in ka ɗaga gefe ɗaya ɗayan zai yanke.

Wani abu da na lura a tcpdump, mai nuna abin da ke bi ta layi, duk saƙon da ya fito daga fayil da lamba 133 yake farawa. Lissafin shi ne lambar sashe sau 8 a tara da matakin tsanani, local0 shi ne 16, notice kuma 5, ka ga 133 kenan. Wato ko manhaja ta faɗi warwas, a wurin syslog sanarwa ce kawai. Matakin gaskiya yana cikin JSON ɗin a level_name, daga can zan riƙa tacewa.

Juma'a, 24 ga Janairu

Sabon Tasha ta shiga. A ofis kowane reshe da babban fayil ɗinsa, kowace rana da nata fayil. Bayan masallaci ban koma ba.

Talata, 28 ga Janairu

Na koma kan maganar ɓatan saƙo. Na girka rsyslog-relp a ko'ina. RELP wata hanyar aika log ce, shi ma aikin su Gerhards ne, bambancinsa mai karɓa sai ya amsa cewa ya karɓa kafin mai aikawa ya saki saƙon, in bai ji amsa ba ya sake turawa. Na ɗora shi a ƙofa 2514. Sannan layin jira: queue.type na sa LinkedList, na ba shi queue.filename don in ram ya cika ya zuba a diski, queue.saveOnShutdown a kunne, action.resumeRetryCount kuma -1, ma'ana kar ya taɓa gajiya da gwadawa. Na iyakance masa gig 1 kar wata rana ya cinye diskin reshe a rasa wurin rubuta ciniki.

Ban ma shirya gwaji ba gwajin ya zo da kansa. An ɗauke wuta tun safe, batirin inbatar ofis ya kasa kaiwa azahar, mai janareta ya tafi neman mai, saba ta mutu wajen awa uku rassa suna ta ciniki. Da aka tayar na zauna ina kallo, cikin 'yan mintuna duk abin da ya taru ya shigo, na duba lambobin rasit babu giɓi. Layuka kaɗan sun maimaitu, wannan kuma halin RELP ne in an yanke kafin amsa ta dawo, kuma na fi son in ga abu sau biyu da in rasa shi.

Sai dai saveOnShutdown sai an kashe kwamfuta ta hanyar da ta dace yake aiki. In wuta ce ta ɗauke ta farat ɗaya, abin da ke ram ya tafi. Akwai nau'in layin jira na diski zalla, ya fi nauyi amma mu saƙonninmu ba su kai su dame shi ba, kuma shi zan sa wa Zariya tunda UPS ɗinsu ba ya riƙe ko minti biyu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na je Zariya don haɗa reshen ƙarshe, a nan na tarar da matsalar agogo. Kwamfutarsu duk sanda wuta ta yanke sai ta tashi da kwanan wata na shekarun baya, ƙaramin batirin nan na kan madabod ya mutu, CR2032, irin na rimot ɗin mota. Illar biyu ce. Log yana fitowa da tsohon kwanan wata har sai agogo ya gyaru. Ta biyun ta fi ban haushi, WireGuard yana sa lokaci a cikin gaisuwar farko, in ɗaya ɓangaren ya ga lokacin ya koma baya da wanda ya gani a da sai ya yi banza da kai, don yana zaton wani ne ke maimaita tsohon saƙo. Batirin naira 700 na saya a bakin PZ. Na kuma girka chrony, mai daidaita agogo ta intanet, a duka kwamfutocin na ba shi damar tsallaka agogo kai tsaye in ya kauce da yawa.

Akwai kuma awa ɗaya da ke tsakanin log ɗin manhaja da na kwamfuta. Laravel a UTC, agogon duniya, yake zuwa, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Ban taɓa na manhajar ba don kar in rikita tsofaffin rasit, abin da na tabbatar shi ne kowane layi yana ɗauke da cikakken lokaci da yankinsa. Tsohon tsarin syslog na RFC 3164 ko shekara ba ya rubutawa balle yanki, na RFC 5424 da ya fito a 2009 shi ke da su, shi na sa ake turawa da shi.

Kuɗin mota da abinci, dubu 9 da 'yan kai.

Talata, 4 ga Fabrairu

Manajan Kawo ya bugo, "Injiniya, me kuka sa mana ne data ke ƙarewa haka?" Yana da gaskiya. LOG_LEVEL a debug yake tun lokacin da aka rubuta manhajar, duk tambayar da ta yi wa MySQL sai ta rubuta, da can a diski yake tsayawa babu wanda ya damu, yanzu kuwa ta sim yake fita. Na mayar info, zirga-zirgar ta faɗi sosai.

Amma da nake karanta layukan debug ɗin na ga abin da ya fi data muhimmanci. Lambobin wayar kwastomomi, sunayen masu karɓar kaya bashi da adadin bashinsu, har da abin da kashiya ke bugawa a fom ɗin shiga, fasawod a fili. Da suna warwatse, yanzu ni da hannuna ina tara su wuri ɗaya, duk wanda ya samu sabar nan ya samu komai. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, mu ma masu riƙe bayanan mutane ne ko da shinkafa da taliya muke sayarwa. Dalili kenan ma da tun farko na bar log ɗin a ofis ban ajiye a VPS ɗin ƙasar waje ba.

Na rubuta ɗan matacin Monolog da ke goge filin fasawod gaba ɗaya, duk lamba 11 a jere kuma ya rufe ta ya bar uku na ƙarshe. Abin daɗi lambar waya da BVN da NIN duk 11 ne, ƙa'ida ɗaya ta kama su, lambar asusun banki kuma 10, na ƙara mata tata. A reshe ake tacewa kafin ya fita. Waɗanda suka riga suka iso na goge su, na kuma ce duk kashiyoyi su canza fasawod, ana ta gunaguni.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

logrotate, mai kwashe tsofaffin log, a sabar ofis, a matse da gzip, a ajiye kwana 90.

Litinin, 10 ga Fabrairu

grep, umarnin neman kalma a fayil, ya ishe ni ni kaɗai, amma ba zan koya wa Hajiya grep ba. Na ɗora Loki mai ajiye log da Grafana mai nuna shi a allo, Alloy kuma yana karanta fayilolin da rsyslog ya ajiye yana miƙa wa Loki. Abin da ya sa Loki ya zauna a gig 8 ba ya yi wa kowace kalma fihirisa kamar Elasticsearch, 'yan lakabobi kaɗai yake riƙewa, sauran ya matse. Lakabi biyu na ba shi, reshe da mataki. Kar ka kuskura ka mai da lambar rasit lakabi, kowace sabuwar lamba sabon rafi ce a wurinsa, nan da nan zai shaƙe. Fayilolin rsyslog suna nan yadda suke, in Loki ya lalace gobe ban rasa komai ba. Ya ƙi karɓar wasu tsofaffin layukan Zariya masu karkataccen kwanan wata, a saitinsa na asali abin da ya wuce mako ɗaya baya ba ya karɓa, na bar su.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

An kama ɓarawon, kuma ba mutum ba ne. Hajiya ta kawo rasit ɗin Sabon Tasha da ya fito sau biyu jiya da yamma, na nemi lambarsa a Grafana, log ɗin reshe da na ofis suka jeru a allo ɗaya. Reshe ya tura ciniki. Ofis ya karɓa ya rubuta ya mayar da amsa. Amsar ba ta isa ba saboda sabis, bayan daƙiƙa 30 reshe ya rubuta cURL error 28, wato ya gaji da jira, ya ɗauka bai shiga ba ya sake turawa, ofis kuma ya sake rubutawa ya sake rage kaya a sito. Na bi sauran rasit ɗin da ta yi wa alama tun farkon watan nan, duk labari ɗaya, kuma yawanci da yamma ne lokacin da layi ke cunkushewa.

Na kai wa Alhaji, ya kalli allon ya ce "to yanzu yaran nan ba su ci komai ba kenan?" Na ce "ranka ya daɗe, a wannan dai ba su ci ba." Gyaran ba a log yake ba, a manhaja yake: kowane rasit ya samu UUID, wato lambar da ba ta da biyu, tun daga reshe, a ofis a sa wa wannan filin ƙa'idar kar ya maimaitu, in an sake turowa MySQL zai ce 1062, lambar kuskuren maimaici, manhaja ta ɗauki hakan a matsayin ya riga ya shiga ta amsa da to. Wanda ya rubuta manhajar ya ce zai yi a ƙarshen mako. Tsofaffin lissafin kuma sai an bi da hannu, Hajiya ba ta ji daɗin wannan ɓangaren ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Gyaran ya hau tun Lahadi, ina ganin 1062 jefi-jefi a log, rasit bai sake maimaituwa ba.

Jiya Kawo ta yi shiru tun azahar ban lura ba sai da yamma, ashe wani ne ya zare rauta ya sa cajin waya. Reshen da ba shi da matsala da reshen da ya mutu duk iri ɗaya suke a allo, babu komai. Na sa cron, mai tayar da aiki a kan lokaci, ya riƙa aiko "ina nan" da logger duk minti biyar, in Grafana bai ji reshe ba na minti 20 ya turo min saƙo a Telegram. Da dare na kashe shi tunda suna rufewa. Saura sabar ofis ɗin kanta, in ita ta mutu babu mai faɗa min, zan sa VPS ya riƙa leƙa ta.

Abin da aka kashe zuwa yanzu: SSD dubu 48, batiri da zuwa Zariya wajen dubu 10, VPS dala 6 duk wata, ƙarin data har yanzu ina lissafi. Kafin azumi ya kama ciniki ya yi yawa ina son a sake batirin UPS na Zariya, a samo diski na waje don kwafin log duk mako, sannan log ɗin MySQL na tambayoyi masu jinkiri da na nginx su ma su shigo. Firintar rasit ta Sabon Tasha da ke tsayawa haka kawai ita ce ta gaba, CUPS mai kula da firinta ma yana da nasa log ɗin, gobe in Allah ya kai mu zan nuna wa imfile shi.